Sukuwa Kaɗai Ba Ita Ce Iya Hawa Ba

Kilisa ta canja kama a biranen Arewa. A da, fitar da doki ce da la'asar don ya miƙe ƙafa, ya kuma saba da hannun mai shi. Yanzu, musamman a hawan angwanci a Kano da Zariya, samari da yawa sun mayar da ita tseren kan kwalta: a sa wa doki ƙaimi tun daga bakin barga, a sheƙa sukuwa, a fincike linzami a yi zamiya gaban abokin da ya ɗaga waya, kafin magariba bidiyon ya hau TikTok. Wannan yayi yana rage wa hawa daraja, yana kuma cin ƙarfin dawakai tun suna da sauran ƙuruciya.

Doki ba taku ɗaya gare shi ba. A tafiya, kowane kofato da lokacin saukarsa, bugu huɗu ke nan, yana cin kilomita 6 zuwa 7 a awa. A sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su sauka tare, sai ɗaya biyun su karɓa. Nan ne asirin sabon mahayi ke tonuwa, don sirdi zai yi ta wurga shi sama har likkafa ta kuɓuce masa. Daga nan sai ƙaramar sukuwa mai bugu uku, sannan cikakkiyar sukuwa, wadda kan haura kilomita 40 a awa. Hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kalifoniya a 1878 ne suka nuna ƙarara cewa akwai ɗan lokacin da duk ƙafafun huɗu ke barin ƙasa, a naɗe ƙarƙashin ciki.

Gwaninta tana wurin sauyawa daga wannan taku zuwa wancan, kuma saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba. Ko yaro zai iya sa doki gudu. Amma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake, don haka kafin ya rage gudu lafiya sai ya turo ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa sun ɗauki nauyin. Gwani yakan fara da zama: ya nutsa cikin sirdi, ya daina bin motsin dokin da ƙugunsa, ya matse cinya, sai a ƙarshe yatsu su taɓa linzami. Mai kallo ba zai ga komai ba, sai dai ya ga ingarma ya sauko daga sukuwa zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa tafiya, wuya a tanƙware, kunnuwa na sauraron mai shi.

Linzaminmu na gargajiya, mai zobe a haɓa da ƙarfen da ke danna ganɗa, don irin wannan hannu aka ƙera shi. Taɓawa kaɗan ta isa. Idan ya faɗa hannun mai fizga, a dubi bakin dokin bayan an sauka: kumfa ce jina-jina a gefen leɓe, kai na ta ɗagawa, ga dusa a gabansa ya kasa ci. Bayan 'yan watanni bakin ya mutu, a ce doki ya yi taurin kai, ya koyi tutsu da tabarya, a nemo linzamin da ya fi wancan zafi. Ga kwalta kuma ba ta yafiya, santsi ga kofato, ciwo ga gaɓoɓi.

Masu wannan hawa sukan ce jahi suke kwaikwaya. To, a tsaya a kalli jahin sosai ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta Kano. Dokin da zai taho a sukwane ya tsaya cak gaban Sarki don mahayinsa ya yi jinjina, shi ne dai wanda ya yini yana taƙama a hankali cikin taro, ga ƙarar bindigogi ga kakaki, bai taka kowa ba. Sukuwar ta 'yan daƙiƙu ce, natsuwar ta awanni. Wannan hawa ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon duniya a Disambar 2024. Haka abin yake a filin folo, inda Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna: dokin da bai iya tsayawa da juyawa cikin taku biyu ko uku ba, gudunsa ba ya amfana wa kowa komai.

Gaskiya ne samarin nan suna son doki, kuma da kuɗin aljihunsu suke sayen harawa da kanwa a lokacin da kiwon doki ya yi tsada. Ba a rasa so ba, malami aka rasa. Hana kilisa da 'yan sanda kan yi a Kano bayan an yi ɓarna yana kare masu tafiya a ƙasa, amma bai taɓa koya wa kowa zaman sirdi ba.

Aikin na masu sarautar Shamaki ne a fadoji, da dattawan barga, da ƙungiyoyin folo na Kano da Katsina da Kaduna. Su buɗe filayen sukuwa ga samarin unguwa ko da rana ɗaya a mako, kuma kada a ba yaro ƙaimi sai ya iya saukar da doki daga sassarfa zuwa tafiya ba tare da ya ja bakinsa ba.