Daga Dama Zuwa Hagu: Gwanintar Jera Fedojin Jita

A gaban ƙafar duk wani makaɗin jitar lantarki da ya san hannunsa za ka tarar da ƴan akwatunan ƙarfe jere a kan allo, kowanne da launinsa, an sarƙa su da gajerun wayoyi. Fedoji ke nan, da ƙafa ake taka su tunda hannuwa biyu suna kan jita. Wata tana sa sauti ya yi kaushi, wata ta sa ya riƙa amsa kuwwa, wata kuma ta sa shi rangaji. Sayensu aikin mai kuɗi ne. Jera su kuwa aikin mai kunne ne, kuma wannan gwanintar ce ta daɗe tana burge ni.

Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi karkarwa a saman maganaɗisun da ke jikin jita, sai ta haifar da ƴar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Wannan ƴar wutar ce ke bin waya, ta ratsa fedoji ɗaya bayan ɗaya, ta isa amfilifaya, lasifika ta mai da ita sauti. Hanya ɗaya take bi, ba ta juyowa. A yawancin fedoji, irin su ƙananan nan na kamfanin Boss, ƙofar shiga tana dama, ta fita tana hagu, saboda haka ana karanta allon daga dama zuwa hagu kamar rubutun ajami. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne mai kiɗa da hannun dama ta gefen damansa waya ke saukowa daga jita, don haka ba za ta gitta masa gaban ƙafa ba. Bahago irin Mdou Moctar na Nijar shi ne zai nemi dabarar zagayo da tasa wayar. A fedoji masu aiki da batir kuma, soka waya a ƙofar shiga shi ne kunna wuta. Wanda ya kwana bai zare ta ba zai iya wayar gari batirinsa ya mutu.

Asirin jerin guda ɗaya ne: kowace feda abin da ta gabanta ta miƙo mata kaɗai take ji. A marinar Ƙofar Mata sai an rina zane sannan a kai wa masu bugu ya yi sheƙi, wanda ya fara da bugu ya tsoma a baba daga baya ya yi aikin banza, ko da yake kayan aikin duk ɗaya ne. Ɗauki fedar distoshon, wadda ke daƙuna sauti ya yi kaushi, da fedar dile, wadda ke maimaita abin da aka kaɗa. In distoshon ce a gaba, dile za ta karɓi sautin da ya riga ya yi kaushi, ta maimaita shi sau uku ko huɗu, kowane maimaici yana ƙara yin ƙasa har ya ɓace, kunne yana rarrabe su tsaf. Juya su ka ji. Distoshon ba ta san babba da ƙarami ba, duk abin da ya shigo ɗaga shi take yi ta matse. Maimaicin da ya kamata ya lafa sai ya taso ya yi kafaɗa da sabon bugun, su cakuɗe su zama hargowa.

Daga nan ne jerin da aka saba ya samo asali. Fedar saita tsirkiya ce farko, don ta ji jita zallanta. Sai wah, mai sa jita ta yi kamar tana cewa “wa-wa”, da kwamfuresa, mai daidaita ƙarfin sauti, sai masu sa kaushi, sai masu sa rangaji irin su koras da feza, sannan dile, a rufe da fedar amsa kuwwa, mai sa a ji kamar a cikin babban zaure ake kiɗan.

Inda ake gane gwani shi ne wajen tsofaffin fedojin fuz, waɗanda su ma kaushi suke sawa. Fuzz Face, wadda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, ƴar da'ira ce mai maɓallan murɗawa biyu da taransista biyu kacal a cikinta, amma tana da kishi. So take ta ji jita kai tsaye. In ta samu haka, makaɗi ya ɗan rage maɓallin ƙara na jikin jitarsa da ɗan yatsa, sai kaushin ya washe, sautin ya fito garau yana ƙyalli, in ya mayar kuma ta sake yin ruri. Ka sa mata wata feda mai bafa a gaba, wato ƴar da'irar da ke ƙarfafa sigina ko da an kashe fedar, shi ke nan wannan ladabin ya tafi, sai tsiwa da ƙara. Jimi Hendrix a bikin Woodstock na 1969 ya bi da sautinsa ta wah ta Vox, sannan Fuzz Face, sannan Uni-Vibe mai sa rangaji, kafin amfilifayar Marshall. Har gobe makaɗa na jayayya a kan wah ce ta dace da gaba ko fuz, domin tsofaffin biyun nan ba kullum suke jituwa ba. Ni dai ina tare da masu cewa a gwada duka biyun a bar kunne ya yanke hukunci.

Akwai kuma wanda kaushinsa daga cikin amfilifaya yake fitowa. Shi duk fedar da ya ajiye a ƙasa ta riga distoshon, har da dile. Don haka masu ƙera amfilifaya suka buɗe ƙofofi biyu a bayanta, ta aikawa da ta dawowa. Sigina ya fita bayan ya gama yin kaushi, ya zagaya ta dile da amsa kuwwa, ya dawo a ƙara masa ƙarfi zuwa lasifika.

Manyan gwanaye sun san ƙa'idar har sun san inda za su taka ta da gangan. Eddie Van Halen ya sa fezarsa, MXR Phase 90, a gaban Marshall mai ruri, shi ya sa rangajin nata ya narke cikin sautin maimakon ya hau kansa, kamar yadda ake ji a faifan ƙungiyarsa na farko na 1978. Kevin Shields na My Bloody Valentine ya tura amsa kuwwa cikin distoshon, abin da ake gargaɗin ɗan koyo a kai, ya gina faifan Loveless na 1991 a kan wannan hazon.

Abin da ɗan kallo ba ya lura da shi su ne wayoyin. Doguwar waya tana shanye kaifin sauti, kuma fedoji goma da gajerun wayoyinsu doguwar waya ce a fakaice. Pete Cornish, Baturen Ingila da ya haɗa wa David Gilmour na Pink Floyd alluna tun shekarun 1970, ya yi suna ne da sanin inda ake dasa bafa don sigina ya isa amfilifaya da ƙarfinsa. Ranar da sauti ya ɗauke ana tsakiyar wasa, irin wannan mutum ba ya birkita allo. Zai soka jita kai tsaye a amfilifaya ya tabbatar su biyun lafiyarsu ƙalau. Daga nan ya fara daga fedar ƙarshe ta hagu, yana matsar da wayar jita feda ɗaya zuwa dama, yana kaɗa tsirkiya a kowane mataki. Inda sautin ya mutu, to fedar da ya shiga yanzu ce ko ƴar wayar da ke hagunta, kuma galibi wayar ce.