Wace Sin Ce a Farantin Nan?

Abubuwa biyu ne suka wakilci ƙasar Sin a takardun jerin abinci na otal-otal ɗin da na leƙa daga Kwatano har Faraku: "riz cantonais" da "nems". Na farkon soyayyiyar shinkafa ce da ƙwai da koren wake, irin wadda gidajen abincin Faransa suka saba sayarwa. Na biyun kuwa ba ma na Sin ba ne, na Biyetnam ne. Sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kai yaƙin Indocina, wanda ya ƙare a 1954, wasunsu sun dawo da matan can, matan kuma suka zo da nem har ya zama ɗan gida a Dakar. Ke nan Sin ɗin da ake sa mana a faranti ta biyo ta Faransa ne, ta iso a gajiye, da kayan wani a kanta.

Ban ce shinkafar ba ta da daɗi ba. Abin da ke damuna shi ne a ɗauki ƙasa mai mutum sama da biliyan 1 a dunƙule ta a loma guda. Mu nan ba za mu yarda a yi mana haka ba. Je ka gaya wa mutumin Faraku cewa sakwararsa ta sabuwar doya da tuwon masarar kudu duk "abincin Afirka" ne, ka ga irin kallon da zai yi maka. Jugu kuwa, garin da ayarin goro ke yada zango tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, ta daɗe da sanin cewa harshen kowace ƙasa daban yake.

Sinawa da kansu sukan ƙirga manyan salon girki 8. A arewa alkama ce ke mulki, taliya da burodin turara, a kudu kuma shinkafa. Mutanen Kanton, wato Guangdong, ba sa son a binne kifi a ƙarƙashin yaji. Su turara shi da citta da ganyen albasa, shi ke nan. Hunan barkono ce tsagwaronta. Amma Sichuan ce ta fi kama ni, don kusan duk abin da take taƙama da shi muna da ɗan'uwansa a kasuwar Arzeke. Ɗan yajin nan nasu mai sa leɓe ya yi zir-zir kamar ya mutu, dangi ɗaya ne da fasaƙwari. Waken da suke ruɓarwa ya ba miya ƙarfi, aikin daddawa yake yi. Tofu kuwa awara ce, wadda matan unguwa ke soyawa ta maye gurbin wagashi ga wanda aljihunsa bai kai ba. Mai girkin da ya san hannunsa zai iya haɗa mapo tofu a Faraku da naman sa, bai jira jirgin ruwa ba. Me ya hana? Tsoron kada mu ƙi, ina jin. Wai mutanen da ke barbaɗa yaji a kan mangwaro ne za su guji barkono.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wadda takardar abincin ba ta taɓa ambata: halal. Jugu gari ne na Musulmi, Faraku ma suna da yawa. Da yawanmu da an ce gidan abincin 'yan Sin sai mu ja baya, kuma ba a banza ba. Naman alade ne naman da aka fi ci a can, ana suya da kitsensa, sannan giyar shinkafa ta Shaoxing tana shiga miya ba tare da mai ci ya gan ta ba. Asalin "riz cantonais" ɗin Faransa ma da yankakken naman alade ake yin ta. Sau nawa na tambayi mai kawo abinci a irin waɗannan wurare me aka sa a ciki, ya ce bari ya tambayo, bai dawo da amsa ba.

Alhali Sin tana da girkin Musulmi cikakke, mai alamarsa, qingzhen. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun fi kowa saninsa, don shi ke riƙe da su a unguwar Xiaobei. Akwai taliyar Lanzhou ta 'yan ƙabilar Hui, wadda ake ja da hannu a gabanka a jefa a romon naman sa mai tsabta, a ɗora man barkono. Akwai tsiren rago na Uyghur daga Xinjiang, da gurasarsu ta tanderu, da dafa-dukarsu ta shinkafa da karas da naman rago. Wanda ya girma a gaban tukubar mai tsire ba ya buƙatar tafinta a nan. Kuma duka wannan ba ya cikin takwas ɗin nan da ake ƙirgawa, balle ya samu shiga takardar da aka kwafo daga Faris.

Shi ya sa laifin ban ɗora shi a kan masu otal kaɗai ba. Alhazan da suka ci taliyar Lanzhou har suka ƙoshi, kwantena suke dawowa da ita cike da tayil da wayoyin salula. Da ɗayansu zai ware kuɗin kwantena guda ya ɗauko mai jan taliya ya zaunar da shi a Zongo, da ni ne zan fara bin layi.