Masu Bin Sawun Ciwo A Cikin Ƙwaƙwalwa

Idan dattijo mai hawan jini ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, likita ba ya shan wuyar gano dalili. Amma in saurayi ne ɗan shekara 30, ko mai jegon da ba ta yi arba'in ba, sai an tsaya an yi bincike. Kuma ba su da kaɗan: cikin mutum goma da ciwon ke kamawa, kusan ɗaya bai kai shekara 50 ba.

A nan ne likitan da ke karanta hoton MRI yake burge ni. Aikinsa irin na mai bin sawu ne: ɓarna ta riga ta auku, shi kuma zai faɗi ta inda ɓarawon ya shigo.

Yakan fara da hoton da ke bin motsin ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, dabarar da Denis Le Bihan ya ɓullo da ita a Faransa a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 Michael Moseley ya nuna a Amurka cewa tana bayyana inda jini ya yanke cikin 'yan mintuna. Wurin yakan fito fari fat. Gwani ba ya tsayawa ga farin, yadda ya bazu yake dubawa. In ɗige-ɗige ne dama da hagu, gaba da baya, to galibi gudan jini ne ya taso daga zuciya ya farfashe, sai a koma kan zuciyar. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a Kano da Zariya.

In kuwa ɓarnar gefe guda ce, sai ya gangara wuya. Bangon jijiyar wuya kan tsage ta ciki, wani lokaci bayan ɗan rauni da mai shi ma ya manta, jini ya kutsa ya kwanta a cikin bangon. Sai an dushe hasken kitse a hoton kafin jinin ya fito, da siffar jinjirin wata. Wanda bai nemi wannan hoton ba, zai wuce shi bai sani ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne hoton bangon jijiyoyin cikin kai, waɗanda faɗinsu 'yan milimita ne. Jijiya uku za su tsuke iri ɗaya, amma da an yi allurar rini sai kowace ta faɗi sirrinta. Wadda ta yi haske zagaye, kumburi ne. Wadda ta yi haske ta gefe ɗaya, kitse ne ya taru. Wadda ba ta yi ba, galibi tsukewa ce mai warwarewa cikin wata uku. Maganin da ke ceton mai kumburi yana iya cutar da na ukun. Haka mai jegon da jijiyar da ke fitar da jini daga kanta ta toshe: maganin tsinka jini ake ba ta, ko da hoton ya nuna ɗan zubar jini. Wannan hukunci sai mai ido da ilimi.

Don Allah, in bakin matashi ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko magana ta sarƙe masa, kada a tsaya ana cewa iska ce ta shafe shi. A garzaya asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko aka fi yin ta.