Uban 'Yar Bora: Nazari a kan Tatsuniyar Ruwan Bagaja da Littafin Wa Zai Auri Jahila?

A garin Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta ƙasar Daura, kamar sauran garuruwan Hausa, da wuya a sami yaron da ya tashi bai ji tatsuniyar Ruwan Bagaja ba, watau wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. 'Yar mowa ce ta ɓata kirgi da dare, aka ɗora wa 'yar bora, aka kore ta ta je ta wanko shi a wani ruwa mai nisa. Saboda ladabinta ta komo bisa doki da dukiya. 'Yar mowa kuwa da ta kwaikwaye ta, sai ta komo bisa jaki, kutare da makafi na biye.

Akan koyar da wannan tatsuniya a kan cewa darasi ce na haƙuri da ladabi. Lalle haka ne. Amma akwai mutum guda wanda tatsuniyar ta bari ya sulale ba a tambaye shi kome ba, shi ne uban yarinyar. Shi ya bambanta matansa, a gidansa aka yi ƙazafin, da saninsa kuma aka tura ƙaramar yarinya daji ita kaɗai. Duk da haka hukunci a kan mowa da 'yarta ya faɗa. Dalili kuwa a fili yake: Bahaushe na tsoron bakin iyaye, yana kuwa cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saboda haka laifin da harshe ya kasa ɗora wa mahaifi sai a sauke shi a kan kishiyar uwa.

Har wa yau tatsuniyar ta ɗauki arziki a matsayin waraka. Yarinya ta sami dawaki da bayi, shi ke nan, ƙurunƙus. Ba a ji abin da ke cikin zuciyarta ba sa'ad da ta sake haɗa ido da mutanen gidan. Alhali kuwa wanda iyaye suka zalunta yana yaro yakan girma, ya yi gida, ya tara abin hannu, amma tsoro da zargin kai ba su sake shi ba.

Wata likitar Amurka, Judith Herman, a littafinta na 1992, ta kasa warkewa daga irin wannan miki mataki uku: samun wurin da mutum zai amince, sa'an nan tunawa da faɗin abin da ya faru tare da juyayinsa, kana komawa cikin jama'a da sabon ƙarfi. In an auna tatsuniyar da wannan mudu, za a ga ta tsallake mataki na biyu ɗungum.

A nan ne littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila? (1990), ya yi abin da tsofaffi ba su yi ba. Abu yarinya ce 'yar shekara 13 wadda mahaifinta ya hana karatu, ya aurar da ita tilas ga tsoho, Sarkin Noma. Marubuciyar ba ta ɓoye uban a bayan wata mace ba, ta bar mai karatu ya ga hannun da ya yi aikin. Abu ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta sami mafaka, ta koma karatu da girmanta, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba aljani ne ya ba ta ƙwai ta fasa ba, shekaru ta yi tana gina kanta, da taimakon wadda ta gaskata ta.

Amma littafin bai rabu da gadon tatsuniya sarai ba. Ɗaukakar da Abu ta samu ita ce babbar hujjarsa, har mai karatu na iya zaton wadda ba ta sami aiki da suna ba ba ta warke ba. Wannan kuskure ne. Sau da yawa warakar ba ta wuce mutum ya daina ganin laifin kansa, ya kuma ƙi yi wa 'ya'yansa abin da aka yi masa.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, abin lura shi ne wannan. Nijeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, amma doka ba ta koya wa yaro kalmomin da zai faɗi abin da ake yi masa. Adabi ke koya masa. In malami a Babban Mutum ya gama ba da tatsuniyar Ruwan Bagaja, ya kamata ya ƙara tambaya guda: ina uban yake? Wataƙila a cikin ajin akwai 'yar bora, tana jira ta ji ko an yarda a yi wannan tambaya. Biyayya ga iyaye wajibi ce, afuwa kuma abin so ce, amma ba a yafe abin da aka hana a ambata.