Kawaicin Uwa da Tabon 'Ya a Littattafai Biyu na Balaraba Ramat Yakubu

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin Adabin Kasuwar Kano sun fi karkata ga jigon soyayya da auren dole da kishi, ba su cika tsayawa a kan zaman uwa da 'yarta ba. Wannan takarda za ta dubi wannan dangantaka a cikin Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, waɗanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990. Marubuciyar ƙanwa ce ga Janar Murtala Muhammad, kuma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba. Ke nan abin da take rubutu a kansa ba baƙo ba ne a wurinta.

2.0 Kunya da Rufin Asiri

Kafin a yanke wa iyaye mata na cikin labaran hukunci, sai an fahimci al'adu biyu. Ta farko ita ce kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma nuna kulawa da shi a gaban jama'a. Baba ta Karo ta bayyana wannan al'ada a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954. Ta biyu ita ce rufin asiri. Bahaushe na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma hudubar da ake yi wa amarya ita ce haƙuri da yi na yi, bari na bari. Idan al'adun biyu suka haɗu, yarinyar da aka cuta takan tarar da ƙofar ɗakin uwarta a buɗe, amma bakin uwar a rufe.

3.0 Abu da Mahaifiyarta

A Wa Zai Auri Jahila? mahaifin Abu ne ya raba ta da makaranta, shi ne kuma ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Abin lura shi ne inda yarinyar ta nufa da azaba ta ishe ta. Ba ta tsaya a gidansu ba, sai ta gudu Kano wurin Hajiya Kumatu, a can ta koma karatu. Dalili a fili yake: uwa tana ƙarƙashin ikon wanda ya ɗaura auren, don haka ɗakinta ba mafaka ba ne. Da wannan zubi marubuciyar ta raba aikin uwa gida biyu, haihuwa ga ɗaya, ceto ga ɗaya. Ba ta mayar da uwar muguwa ba. Ta nuna cewa ƙaunar da ba ta da iko ba ta tare mugun aure.

4.0 Rabi da Saudatu

A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, uwar ce babbar tauraruwa. Rabi tana da 'ya'ya 9, mijinta Alhaji Abdu ba ya ba da isasshen cefane, ita take cike giɓin. Asirin da ta daɗe tana rufewa ya tonu bayan da ya auro Delu ya kore ta da yaran, ta koma sayar da abinci. Darasin da Saudatu ta gani da idonta shi ne shekarun haƙuri ba su hana saki ba. Duk da haka, da dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, dangi suka matsa wa Rabi ta koma. Wato 'yar ta ga an sake ɗora wa uwarta nauyin rufa asirin wanda ya tona nata.

5.0 Inda Littattafan Suka Gaza

Marubuciyar ta fi ba da ƙarfi ga sakayyar da ke bin azzaluman maza, kamar yadda sunan littafi na biyu ya nuna. Abu ta tsira da ilimi, Saudatu ta tsira da auren mai arziki, Alhaji Abubakar. Mafitar farko tana hannun yarinya, ta biyu kuwa sa'a ce, ba kowace 'ya ke samunta ba. Haka kuma hukunta miji ba ya warkar da abin da ya shiga tsakanin uwa da 'ya.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kunya da rufin asiri suke kare mutuncin gida, suke kuma barin yarinya ita kaɗai da ciwonta. Ɗalibin da zai nazarci waɗannan littattafai ya dace ya lura da wuraren da uwa ta yi shiru, ya tambayi wanda shirun ya amfana da wadda ya cutar.