Harbi Ɗaya Gare Ka: Yadda Maharbin 'Yandoto Ke Zaɓen Bindiga

Bindigar toka sau ɗaya take magana. In ta tashi aka kuskure, kafin mai ita ya sake zuba albarushi, ya danna da sandar ɗuri, ya zuba dalma, ya sake dannawa, gada ta riga ta haye tudu biyu. Shi ya sa maharbin da ya san abin da yake yi yakan fara farautarsa tun daga maƙera, ranar da ya je zaɓen bindiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An fi sanin 'Yandoto da karatu. Tsohon garin malamai ne, wanda Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a farkon jihadi, wajen 1806, kuma labarin kaka da kakanni ya ce daga nan Korau ya fito, ɗan kokawar da ya kayar da Sanau ya hau gadon Katsina. Har gobe Sarkin Tsafe 'Yandoto ake ce masa. To amma garin malamai ma yana son nama a miya. Ƙasar da ta haɗa Tsafe da Gusau da Bunguɗu ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, ga Dutsen Kwatarkwashi a tsaye kan hanya, ga daji ya miƙe kudu har Kuyambana ya haɗe da na Birnin Gwari. In an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sawu ya fara bayyana a ƙura, lokacin maharba ya yi. Dabbar nan mai ƙaho mai rassa da Turawa ke bi babu ita a dajinmu. Namu su ne gada da barewa da mazo da batsiya da kwanta-rafi, sai manyan dawa irin gwanki da kanki, waɗanda yanzu sai a bakin tsofaffi.

A Amurka, inda farautar waccan dabba ta zama al'adar kaka, akwai masu son bindiga mai ɗura kanta: ka ja kunama, ta tofar da kwanson harsashi, ta ɗora wani, ka sake ja. A 1906 kamfanin Remington ya fara sayar da irinta, ƙirar John Browning, kuma har yau musun maharban can bai wuce wacce ce ba ta cijewa in datti ya shige ta ko sanyi ya kama ta ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a jihar Pensilbaniya, wadda ke cikin jihohin da suka fi yawan maharba, doka ta hana farautar wannan dabba da irin wannan bindiga, sannan aka ware wani lokaci bayan Kirsimeti don farautarta da bindigar ɗuri mai ƙyasta wuta da ƙanƙara. Wato abin da maharbinmu ke yi don shi ne abin da ya samu, su suna yinsa don gwada gwaninta.

Yadda muka tsaya a kan bindigar ɗuri ma yana da dalili. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa masu ƙanƙara da albarushin kasuwa, irin waɗanda masana'antun Birmingham da Liyej suka daɗe suna ƙerawa don wannan ciniki. Maƙeranmu suka fara da gyara, daga gyara suka koyi ƙira. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bi wannan sawu, ta kasa bindigogi gida uku. Na soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan na hannu, sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta masu cin harsashin kwanso, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma ko a cikinsu an cire bindigar tsuntsu mai ɗura kanta. Bindigar toka, wadda wasu ke kira baushe, ita ce a gida na uku, lasisinta a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira ma ba a yinta sai da izini.

Ka tsaya ka kalli tsohon maharbi in an miƙo masa bindiga. Bai tambayi kuɗi ba tukuna. Abu na farko, ya kawar da bakinta daga mutane, ya zare sandar ɗuri ya saka a ciki. In sandar ta nutse har ƙasa ta yi ƙara irin ta ƙarfe kan ƙarfe, babu komai a ciki. In ta tsaya da saura, kuma ƙarar ta mutu, akwai ɗuri, ko da mai ita ya rantse ya ce wofi ce. Bindigar toka ba a buɗe ta ta baya a leƙa, saboda haka wannan sanda ita ce idon maharbi, kuma da yawansu sukan yi mata tsaga biyu, ɗaya ta wofi, ɗaya ta ɗuri guda. In sandar ta tsaya sama da tsaga ta biyu, wani ya yi ɗuri kan ɗuri, abin da ya raba mutane da yawa da yatsunsu.

Daga nan sai bututu, kuma a nan yakan daɗe. Yakan bi shi da yatsu daga gindi zuwa baki, a hankali, wani lokaci ido a rufe, don yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba. Bututun da ya taɓa kumbura ya riga ya sha wuya, saura fashewa. Yakan ɗaga shi ya hanga ta tsawonsa ya ga ko ya karkace. Yakan ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa ya kasa kunne: lafiyayyen ƙarfe yana da amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Yakan naɗa tsumma a sanda ya zura ya fito da shi. Jan tsatsa kaɗan ba komai ba ne, amma in tsumman ya riƙa sarƙewa yana yagewa, tsatsa ta ci rami a ciki. Tambayar da ya fi matsa wa maƙeri a kanta ita ce asalin ƙarfen. Bututun ruwa na famfo yana da ɗinki a tsawonsa, an naɗe falle ne aka yi masa walda, kuma ba don ɗaukar wuta aka yi shi ba. Wanda ya sayi irin wannan don araha, rai ya sa a ciniki.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne gindin bututu, inda aka toshe, domin nan wuta ke tashi, kuma nan ne daidai fuskar mai harbi. Maharbi yakan duba ko akwai baƙin hayaƙi da ya tsattsafo ta gefen toshiyar ko ya ƙona ƙota a wurin. In akwai, magana ta ƙare. A nan za ka ji irin maganar da dattijo kan yi wa yaronsa a taƙaice: "Aje ta, ɗana. Wagga ba ta kai ka gida."

Sai kunama. Yakan ɗana ta ya saurari yadda ta kama, ya buga gindin bindigar da tafin hannu ya ga ko za ta kuɓuce da kanta. Wadda ke kuɓucewa ita ce ke tashi in mutum ya yi tuntuɓe ko ƙaya ta ja ta. Wadda ta yi tauri da yawa kuma, garin ja sai hannu ya motsa saiti ya gushe. Yana son sifirin mai ƙarfin da zai fasa 'yar hular wuta a bugu ɗaya, yana son 'yar ƙofar da wuta ke bi zuwa ga albarushi ta zama a buɗe, yakan ma hura ya ji iska ta fita. Ƙota kuwa, abin dubawa shi ne wuyanta, wurin da hannu ke kamawa, don nan ta fi sirancewa kuma nan take karyewa. Fatar da aka naɗe wurin da ita, da layu da 'yan madubai da ake yi wa bindiga ado da su, suna da kyau a hawan salla, amma gwani yakan ce a kwance fatar ya ga icen. Ba raina maƙeri ya yi ba, shi ma maƙerin kirki ya fi son mai saye irin wannan, don bindigar da ta fashe sunan wanda ya ƙera ta take ɗauka ta zaga ƙauyuka da shi.

Duk wannan bai isa ba sai an ji muryarta. Ba a kafaɗa ake gwajin farko ba. Akan fita bayan gari, a ɗaure ta a jikin itace, a ɗaura igiya a kunama, a koma bayan wani kututture a ja. In ta tashi lafiya, a sake bin bututun da yatsu. Turawa ma haka suke yi, sai dai su sun gina wa abin gida: tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake harba kowane bututu da ɗurin da ya fi na kullum kafin a buga masa hatimi. Bindigar maƙeranmu ba ta da hatimi, shaidarta ita ce idon wanda ya tsaya aka gwada. Bayan haka sai a kafa tsohon buhu ko kwali a taku talatin, a harba, a je a ga yadda dalma ta watsu. Wata takan tara, wata takan baza, wata kullum hagu take ci. Cin hagu ba aibi ba ne in dai kullum haka take yi, mai ita zai koyi halinta. Wadda ake gudu ita ce mai yau gabas gobe yamma.

Akwai kuma abin da ba ya cikin ƙarfe ko ice, wato dacewa da jikin mai ita. Maharbi yakan zaɓi wani abu can nesa, ya rufe ido, ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, ya buɗe. In ya tarar bakinta na kallon abin, tasa ce. In sai ya gyara wuya ya karkata kai, ta wani ce, komai kyanta. Gada ba ta ba mutum lokacin gyara wuya. Nauyi ma abin lura ne, domin wanda zai wuni yana hawa da sauka a duwatsun Kwatarkwashi ya san abin da kafaɗa ke cewa da la'asar. Mai sauƙi ƙwarai kuma shurinta ya fi zafi.

Tunda bututun ba shi da zare a ciki irin na bindigar soja, harbinsa ba ya nisa. Abin da ya wuce taku arba'in sa'a ce kawai. Saboda haka rabin aikin bindigar toka ƙafar mai ita ke yinsa: bin sawu, sanɗa, sanin inda iska ke kaɗawa don kada ta kai wa dabba warin mutum, haƙurin kwana a bago kusa da mashaya. Don wannan ne kakanni suka ƙago dabarar burtu, mutum ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da shi kamar mai kiwo, har ya shiga cikin dabbobi ba su tsorata ba. Dabara ce ta zamanin kwari da baka, bindiga ta zo ta gaje ta, don ita ma kusanci take bukata.

A ƙasar malamai, wannan kusanci yana da nasaba da halal. Risala ta haɗa hukuncin farauta a babi ɗaya da layya da yanka, kuma ta karhanta farautar da ake yi don wasa kawai. Da albarushi ya bayyana, malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani kan naman da harsashi ya kashe, manyan malaman Fas da dama suka halatta in an yi bisimilla wajen harbi. In an iske dabbar da sauran rai, a yanka. In ta gudu da rauni ta kwana ba a gan ta ba, mashahurin zance a mazhaba shi ne a bar ta. Ka ga ke nan bindigar da ke raunatawa ba ta kayarwa asara biyu take jawowa, ga azabtar da dabba, ga nama ya tafi ga kura. Ni a ganina wannan ne ya sa tsofaffin maharba ba sa ɗaukin bindiga mai yawan harbi. Wanda ya san yana da na biyu da na uku yakan yi sakaci da na farko.

Amincin bindiga kuma ba ya ƙarewa ranar saye. Tokar da albarushi ke bari tana jan laima, ta ci ƙarfe cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake wanke bututu da ruwan zafi bayan harbi, a busar da shi sarai, a shafa mai. Albarushi a ƙaho ko gora mai toshiya, nesa da raɓa da murhu. Garin da ke cikin harsashin zamani ba ya shiga bindigar toka ko kaɗan, ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai ɗauka. In kuma aka ja kunama ta yi shiru, ba a juyo da baki a leƙa, akan riƙe ta yadda take a jira, don wani lokaci wuta tana tafiya a hankali ne kafin ta isa.

Yau dajin da aka koyi duk wannan a cikinsa ya fi ƙarfin maharbi. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zamfara, kuma ƙasar Tsafe na cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. A nan, in aka ji bindiga tana magana ba ƙaƙƙautawa, ba wanda ke tunanin farauta. Abin ya kai a watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu, 'yan sanda suka ce dakatar da bayar da lasisi na nan daram. Bindigogin toka da yawa sun koma gadin gari da dare. Masu fita farauta ba sa nisa da gonaki, abin da suke samu bai wuce zomo da zabo da fakara ba, sai gada jefi-jefi. Zaɓen ma ya bi halin da ake ciki: doguwar bindiga mai nauyi da ake ɗura wa curi ɗaya don gwanki ta rasa masu nema, an koma ga matsakaiciya mai baza ƙananan dalma, wadda za a iya fita da ita bayan asuba a dawo gida kafin rana ta take.