Darakta ya karɓi aikin talla, amma kada ya bar fim ɗinsa

Tun da kasuwar faifan CD ta rushe, masu shirya fim da kuɗin aljihunsu suke neman mafita. A da furodusa kan kai fim kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya, ya fitar da uwar kuɗi har da riba. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka toshe wannan hanya. Yanzu sai YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kuma abin da YouTube ke biya ba ya isar hayar kyamara da fitilu da sallamar ma'aikata, sai ga 'yan ƙalilan masu ɗimbin masu kallo. Shi ya sa daraktoci matasa suka fara leƙa harkar talla. Wasu na cewa wanda ya yi haka ya sayar da basirarsa. Ni ban yarda ba, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa su shiga.

Talla makaranta ce mai tsanani. Daraktan da ya saba barin mutum biyu su yi minti 10 suna hira a falo, a nan daƙiƙa 30 kawai za a ba shi ya kafa labari, ya taɓa zuciya, ya rufe. Dole ya zana kowane hoto a takarda kafin ranar ɗauka. Zai iya shafe rabin yini a kan kofin shayi ɗaya, yana matsar da fitila baya har tururin ya fito sosai, wakilin kamfani na tsaye a bayansa yana cewa a ƙara girman tambari. Wanda ya jure wannan, in ya koma fim ɗinsa ba zai sake yarda da haske maras kyau ko sauti mai ƙara ba.

Darakta Roy Andersson na ƙasar Suwidin misali ne. Bayan fim ɗinsa Giliap na 1975 ya faɗi a kasuwa, sai ya koma talla, ya kafa situdiyonsa a 1981, ya riƙa zuba kuɗin tallan a cikin aikinsa. Shekara 25 bai fitar da dogon fim ba. Da ya dawo a 2000 ya samu kyauta a bikin Cannes na Faransa, a 2014 kuma ya ɗauki babbar kyautar bikin Venice na Italiya. Salon da aka san shi da shi, kyamara a kafe wuri ɗaya ba ta motsi, a talla ya gogar da shi.

A wajenmu ma ƙofa a buɗe take. Tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar ARCON mai kula da harkar talla ta hana sa fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Ga kuma tallace-tallacen da ake shiryawa a Legas a ɗora musu Hausar da ba a yin ta a gidan kowa. Daraktan da ya san yadda uwa ke kiran ɗanta na fari, ya san yadda ake taya kaya a Kantin Kwari, yana da abin da manyan kamfanoni ba su da shi.

Damuwata ita ce yadda talla ke kutsawa cikin labari. Ana tsaka da rikicin gado a shiri mai dogon zango, sai jaruma ta ɗauko kwalbar turare ta yi minti uku tana yabonsa, har da lambar waya. Mai kallo ya zo ne don labari, kuma wannan cin amanarsa ne. Mafi muni shi ne tallan maganin da aka ce yana warkar da komai, ko harkar zuba kuɗi mai alkawarin ninkawa cikin wata guda. Jama'a na saye ne saboda sun yarda da fuskar da suka gani. Maganin da ba shi da rajistar NAFDAC, darakta ya ƙi shi komai yawan kuɗin, domin lafiyar mutane ce a hannunsa.

Saura haɗarin sabo. Kuɗin talla na zuwa da wuri, aikin kwana biyu ne, fim kuwa wahalar watanni ce. A hankali labarin da mutum ya daɗe yana son ɗauka sai ya zama zancen baɗi, baɗi kuma ba ta ƙarewa. Don haka duk wanda zai shiga ya rubuta yarjejeniya, ya karɓi kafin alƙalami kafin ya kunna kyamara, ya ware kaso daga kowane aiki don fim ɗinsa, ya kuma sa ranar fara ɗauka ya sanar da ma'aikatansa. Kamfanoni ba za su rasa mai yi musu talla ba, amma labarin da ke ransa, in bai ɗauka ba, babu wanda zai ɗauka masa.